Gasasshen Wake Daga Gwangwani a Tukunyar Gida

A manyan kantunan Garwa da Marwa, haka ma na Injamena, ana samun waken gwangwani iri biyu. Akwai wanda aka dafa cikin ruwan gishiri kawai, fari ko ja, akwai kuma wanda aka riga aka haɗa shi da romon tumatir mai zaƙi, wato gasasshen waken da mutanen Ingila suke karya kumallo da shi a kan burodi. Na biyun ya fi tsada, kuma a bakina zaƙinsa ya yi yawa, romonsa ya yi salam, babu albasa babu yaji. Don haka na fi son in sayi na farkon in haɗa romon da hannuna, domin kamfani ya riga ya ɗauke mini dahuwar wake, wadda ita ce mai cin gawayi da lokaci, abin da ya rage shi ne ɗanɗano, wannan kuwa aikin mai girki ne.

Asalin abincin daga arewa maso gabashin Amurka yake, musamman birnin Boston, inda ake jera wake a tukunyar ƙasa da baƙin ruwan rake da kitsen alade, a bar shi cikin tanderu na sa'o'i masu yawa. Kiristocin farko na yankin sukan dafa shi ranar Asabar don kada su hura wuta ranar Lahadi. Kamfanin Heinz na birnin Pittsburgh ya soma zuba shi a gwangwani a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai shi Ingila, inda aka cire naman aladen a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda ƙarancin nama. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye a nan, domin har yau wasu gwangwanayen da ake shigowa da su daga Faransa wake ne haɗe da alade. Wajibi ne a karanta takardar da ke jikin gwangwani, idan an ga an rubuta porc ko lardons a mayar da shi inda aka ɗauko, kuma yawancin wanda aka rubuta wa cassoulet yana cikin wannan sahu. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, shi ma ba abin saye ba ne komai arahar sa, saboda kumburin alama ce ta ƙwayoyin cuta masu guba.

Waken da ke ciki ba irin namu na gona ba ne. Namu ɗan asalin Afirka ne, wancan kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, ɓawonsa ya fi kauri, cikinsa ya fi gari. An dafa shi a cikin gwangwanin a rufe, da zafin da ya haura na tafasar ruwa, kusan digiri 120, saboda haka ya nuna lugub tun kafin ya iso hannunmu. Duk wanda ya zuba shi a tukunya tun farko ya bar shi yana tafasa tare da kayan miya, to, fate zai sauke. Ƙa'idar ita ce romo ya dahu shi kaɗai tukuna, wake ya shiga daga baya.

Gwangwani mai giram 400 yakan ba da wake kusan giram 240 bayan an tsiyaye ruwan, don haka biyu sun ishi mutum huɗu idan da burodi za a ci. Nakan juye shi a gwagwa in ɗauraye da ruwa mai tsabta, domin ruwan gwangwanin gishiri ne da yauƙin sitaci, kuma ɗaurayar tana rage gishirin sosai. Sai in yanka manyan albasa biyu ƙanana-ƙanana, in soya su a man gyaɗa cokali uku bisa wuta kaɗan. A nan ne ake bukatar haƙuri. Albasar yankinmu, wadda ake loda wa manyan motoci zuwa Yawunde da Duwala, tana da ƙarfi, kuma idan aka ba ta minti 15 ko 20 tana soyuwa a hankali har ta yi ja ta narke, ita kanta tana fitar da rabin zaƙin da abincin yake nema. Bayan ta yi sai tafarnuwa da citta da aka daka, da masoro, da kanumfari ƙwaya biyu, da attaruhu gwargwadon bakin mutanen gida. Tumatirin gwangwani cokali uku yana biyo baya, a soya shi cikin man har warin tsamin ya tafi, launinsa ya koma ja mai duhu, sannan a tsaida ruwa kofi ɗaya da rabi.

Abu biyu ne suke bambanta wannan romo da miyar dage-dage da muka saba, wato zaƙi da tsami, kuma dole su yi kunnen doki. A madadin baƙin ruwan rake na Boston, mazarƙwaila ce ta fi dacewa, tunda ita ma daga rake take kuma tana da wannan ɗan ɗacin na ƙonannen sukari. Guntu kamar girman goro ya isa. Idan babu ita, zumar Adamawa da ake kawowa daga wajen Ngawundare tana yi, cokali ɗaya, farin sukari kuwa sai in an rasa duka biyun, don zaƙi kawai yake bayarwa ba ƙamshi. Tsamin kuma daga jiƙaƙƙiyar tsamiya nake samo shi, cokali biyu na ruwanta mai kauri. Amfaninsu bai tsaya ga harshe ba: tsami da sukari suna hana wake saurin fashewa. Abin da ya sa ba ma zuba tumatir a ɗanyen wake tun farko, har mukan jefa masa kanwa don ya yi laushi, shi ne ya zama taimako a nan, tunda wannan waken riƙe shi ake so a yi. Kanwa ba ta da wurin zama a wannan tukunya ko kaɗan.

Ƙamshin hayaƙin da Turawa suke samu daga naman da ba ma ci, kilishi yana ba da shi, har ya fi. Nakan yayyaga ɗan yanki in jefa a romon ya jiƙa, in ƙara daddawa kaɗan. Gishiri da dunƙule sai an ɗanɗana tukuna, domin wake da kilishi duk sun zo da nasu.

Idan romo ya yi minti 10 yana tafasa ya fara kauri, sai a zuba waken, a juya sau ɗaya a hankali da ludayi, a tabbata romon ya kusa rufe shi. Mai tanderun gas ko na lantarki zai sa shi a buɗe a digiri 180 na minti 30 zuwa 40. Yawancin gidajenmu babu shi, kuma ba a rasa komai ba, domin dabarar ita ce zafi ya sauko daga sama. A rage garwashin ƙasa ya zama kaɗan, a rufe tukunyar da murfin ƙarfe, a ɗora sauran garwashin a kansa, kamar yadda ake gasa kek a gida. Cikin rabin sa'a saman waken zai bushe ya yi duhu, gefen tukunya ya kama ɗan ƙanzo mai danƙo, romon ya manne a jikin kowace ƙwaya. Kada a riƙa buɗewa ana juyawa; idan an ji alamar ƙasan zai kama, a zuba ruwan zafi kaɗan ta gefe.

Game da kuɗi, gaskiya waken gwangwani bai kai na kasuwa araha ba, kuma gida mai yawan jama'a gara ya dafa namu wake, a sauke shi da ɗan saura, a bi da shi wannan hanya. Na gwangwani ranarsa ita ce ranar da baƙo ya sauka ba zato, ko lokacin sahur. Ana cin sa da burodi mai zafi, ko dafaffiyar shinkafa, ko soyayyen dankali, kuma wanda ya kwana ya fi daɗi. Sai dai a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba a barin sa a waje: a juye ragowar a kwano mai murfi a sa a firji, a cinye cikin kwana uku, kuma a tafasa shi sosai kafin a sake kai shi gaban mutane.