Jajayen layuka a kabarin gwamnan Aswan

Jirgin ƙasan dare ya bar tashar Ramsis a Alƙahira bayan isha'i, bai sauke mu a Aswan ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Tafiya ce ta wajen kilomita 900, hanyar kuma tana bin gaɓar Nilu, sai dai duhu ya cinye mafi yawanta. Ni da ɗan yayata ne, wanda ke karatu a Azhar. Shi ne bakina, don Larabcin Misira ba na Islamiyya ba ne. Ni sana'ata rubutun allon shaguna da zanen fuskoki, abin da ya kawo ni kuwa wasu jajayen layuka ne da aka ja a bango shekara kusan dubu huɗu da suka wuce.

Jirgin fito ya tsallakar da mu zuwa gaɓar yamma, gindin tudun da ake kira Ƙubbatul Hawa saboda ƙubbar wani shehi da ke bisansa. A cikin dutsen nan aka fafe kaburburan hakiman da suka riƙe iyakar kudu ta tsohuwar Masar. Matakalar doguwa ce, ga rairayi, ga rana. Mai gadi ya fito da makullai ya buɗe mana kabari mai lamba 31, na Sarenput na Biyu, gwamnan yankin a zamanin daula ta 12 ta Fir'aunoni.

Za ka fara shiga zaure mai ginshiƙai shida, babu zane a jikinsu. Daga nan sai siririn lungu da gumakan mai kabarin a hagu da dama, sannan ɗan ɗaki mai alkuki a ƙuryarsa. Nan launi yake, kamar jiya aka shafa: ga gwamnan zaune gaban teburin abinci, ga ɗansa tsaye yana miƙa masa fure. Sai da na kai fuskata dab da bangon na ga abin da na zo nema. A ƙarƙashin fentin akwai siraran layuka ja, na tsaye da na kwance, sun raba wurin gida-gida.

"Kawu, wannan ai ragowar aiki ne da suka manta ba su rufe ba," in ji yaron.

Na ce masa wannan shi ne aikin. Igiya suke tsomawa a jar ƙasa, su ɗaure ta tam a bango su tsinka, ta bar layi miƙaƙƙe, yadda masu sa tayil ke yi da igiya da bula. Bayan nan kowace gaɓa ta jiki tana da adireshinta. Mutum a tsaye gida 18 ne daga tafin ƙafa zuwa inda gashin goshi ya fara. Gwiwa tana layi na 6, gwiwar hannu wajen na 12, inda wuya ya haɗu da kafaɗa na 16. Faɗin kafaɗun namiji gida 6. Wanda ke zaune kuwa gida 14 ne. An auna zuwa goshi ne don abin da ke bisa kai, rawani ko kambi, tsawonsa ya bambanta. Ɗaruruwan shekaru bayan haka, wajen daula ta 25, suka sauya lissafin ya koma gida 21 zuwa fatar ido.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunin ba na kamu ko taƙi ba ne. In bango babba ne a buɗa gidajen, in ƙarami ne a matse su, siffar mutum ba ta canzawa. Ta haka hannu goma za su yi bango ɗaya ba ka gane inda wani ya tsaya wani ya ɗauka. Mu ma in an kawo mana ƙaramin hoton fasfo ana so ya cika allo, layuka muke ja masa, mu ja irinsu manya a allon, mu kwashe gida bayan gida. Bambancinmu da su, mu fuskar wani muke kwafa, su kuwa tun kafin a ɗauki buroshi an riga an yanke yadda ɗan Adam zai kasance.

Muka fito muka ƙarasa hawa zuwa ƙubbar. Daga can Aswan gaba ɗaya tana ƙasanka: tsibirin Elefantin, duwatsu baƙaƙe a tsakiyar ruwa, da falukoki, wato jiragen ruwa masu fararen ƙyallaye da iska ke turawa. Yaron ya zaro waya ya kunna layukan kyamara, biyu a tsaye biyu a kwance, gida tara ke nan. Ya shiga yi mini bayani cewa ba a sa abu a tsakiya, sai a kan ɗaya daga cikin mahaɗun nan huɗu, gaɓar kogi kuma ta hau layin sama ko na ƙasa. Ƙa'idar kashi uku ce, wadda wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta sunanta tun 1797, yana maganar zanen daji da sarari, kafin a san kyamara.

"To Kawu, ka ga ai duk abu ɗaya ne da na Fir'auna."

Ban yarda ba. Layukan cikin kabarin suna auna jikin mutum ne, na wayar kuma suna gaya maka inda za ka ajiye shi. Na farkon doka ce, na biyun shawara ce kawai. Ta yi amfani a kan falukar: ya jira ta iso layin dama tana fuskantar hagu, ruwa ya buɗe a gabanta, hoton ya numfasa. Da muka juyo ga ƙubbar kuwa, ya tura ta gefe sai ta zama kamar za ta gangara daga tudun. Gini ne da hagunsa da damansa daidai suke, tsakiya yake so. Na karɓi wayar na dasa ta a gidan tsakiya, na yi amfani da layin ƙasa kawai don kada ta karkace.

Ya duba hotunan biyu, ya ce nasa zai tura wa 'yan ajinsu, nawa kuma ya tura wa mahaifiyarsa. Mai gadi yana ɗaga mana makullai daga ƙasa, muka gangara kafin jirgin fiton ya cika.