Ƙorafin teburin mai shayi ba ya isa ofis

Ƙannena masu shirin shiga jami'a bana, ko Ngaundere ce, ko Marwa, ko ta Garwa da aka kafa a 2022, ku saurare ni kafin ku biya kuɗin rajista. Sefa 50,000 ɗin nan da ake biya duk shekara a jami'o'in gwamnatin Kamaru tun gyaran tsarin jami'o'i na 1993, a gidanmu sai da aka sayar da buhunan masara aka haɗa shi. Duk da haka shekara biyu na yi ina ɗaukar duk abin da jami'a ta yi mini a matsayin alfarma, ban san haƙƙina ba ne.

A shekarata ta biyu aka liƙa sakamakon zangon farko a allon sanarwa. Na kutsa cikin cincirindo ina bin layi da yatsa. Sunana na nan, lambata na nan, amma gurbin makin gwajin tsakiyar zango fayau. A sashenmu wannan gwaji kashi 30 cikin 100 ne na darasin, kuma na rubuta shi, har hannu na sa a takardar halarta. Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya: in rubuta takardar koke, wadda ɗalibai ke kira reket, zuwa ga shugaban sashe, in miƙa cikin 'yan kwanakin da aka ɗiba. Me na yi? Na nufi teburin mai shayi, na yi ta bambami, abokai na taya ni, wani ya ce in kwantar da hankalina za su gyara da kansu. Sau ɗaya na je ofis. Na tarar da layi, aka ce in dawo gobe, kunya ta kama ni, ban koma ba. Kafin in farga wa'adi ya wuce.

Akwai wata 'yar ajinmu daga Cadi da abin ya shafa kamar ni. Ita a ranar ta rubuta tata, ta yi kwafi biyu, ta tsaya a gaban sakatare cikin ladabi ta ce: "Ranka ya daɗe, a buga mini hatimi a nawa kwafin." Ba a yi mako biyu ba makinta ya fito. Ni kuwa sai da na zauna jarrabawar cike giɓi, na biya hayar ɗaki ta ƙarin wata, Baba na can shi kaɗai a gona ana tsakiyar noma. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Kuskure na biyu ya fi wannan ci mini rai, don ba ni kaɗai ya cutar ba. An taɓa raba mana takardar jin ra'ayi kan ruwa, ban-ɗaki, ɗakin karatu da gidan cin abinci, ba a ma nemi suna ba. Na bi layi-layi ina zaɓar "na gamsu", alhali ranar a bakin taga na tsaya na ɗauki darasi saboda cika, lasifika kuma ta mutu. An yi mana tarbiyyar kada yaro ya musa wa babba, kuma ina alfahari da ita. Amma takardar nan ba dattijo ba ce, ƙirga ta ake yi. Wanda ya ƙirga ya ga ɗalibai sun ce lafiya lau, da wace hujja zai nemi kuɗin gyara? Mun rufe wa na bayanmu ƙofa da hannunmu.

Ku faɗi gaskiya, ku faɗe ta dalla-dalla. "Babu ruwa" ba ta kai "famfon bayan ɗakin karatu ya yi kwana goma bai kawo ba" ƙarfi. Inda aka kyautata kuma ku yaba. Akwai wani dattijo a ɗakin karatunmu da yakan jinkirta rufewa lokacin jarrabawa, ban taɓa yi masa ko na gode ba.

Wakilin aji kada ku zaɓe shi don iya barkwanci, ku zaɓi wanda ba ya tsoron ƙofar ofis. Kowane rasidi ku ɗauki hotonsa a waya, ku adana na asali cikin leda. Sannan tun shekarar farko ku gwada rubutun sunanku a takardun makaranta da na takardar haihuwa, harafi bayan harafi, don sunayenmu sukan sha bamban a rubutun Faransanci, kuma gyaran ya fi sauƙi kafin a buga shaidar digiri.