Yadda ake zana zamani a kan takarda

Mai koyon labarin zane yakan ɗauka aikinsa duka yana cikin akwatunan da yake cikawa da tawada. Sai an jima yake gane cewa rabin labarin yana cikin ɗan farin filin da ke tsakanin akwati da akwati. A na farko yarinya ta ɗauki tulu, a na biyu tulun na ƙasa a fashe. Babu wanda ya zana faɗuwar, mai karatu ne ya ƙarasa da kansa. Wannan fili yana iya cin daƙiƙa ɗaya, yana iya cin shekara dubu, faɗinsa na nan yadda yake. Shi ya sa labaran ƙirƙirar kimiyya masu ratsa zamani suka zauna daram a sana'ar nan, kuma a kansu na fi koyon aiki.

Malaminmu na zane ya taɓa ba mu aiki: wuri ɗaya, zamani uku, ba rubuta shekara, ba zana na'urar da ke kai mutum. Wani ya ce, "Malam, to ta yaya za a san an yi tafiyar?" Ya ce na'ura ai wayoyi ne da fitilu, ko ɗan firamare zai zana, shi so yake ya san inda aka sauke shi.

Na zaɓi zaure. A akwatin farko, rufin azara, daɓen ƙasa, aci-balbal a alkuki tana baƙanta bango da hayaƙi. A na biyu, siminti da fitilar ƙwai da rediyo a gefen tabarma. Na ukun, na zamanin da bai zo ba, shi ya cinye min takardu. Duk sanda na sabunta komai, sai zauren ya tashi daga zaure ya koma ofishin da ba na kowa ba. Da na bar buta da tabarmar a inda suke, na canja bango da hasken kawai, nan take ya tsaya da ƙafafunsa. Mai karatu yana yarda da gobe idan ya ga wani tsohon abu ya biyo shi can. Bayan mun miƙa aikin ne Malam ya nuna mana shafi shida na Richard McGuire mai suna Here, wanda ya fito a mujallar Raw a 1989: kusurwar ɗaki ɗaya ce tak, akwati cikin akwati, kowanne da shekararsa, ido yana ganin jariri da tsohon da zai zama a lokaci guda. Fim dole ya bi da kai ɗaya bayan ɗaya, shafi kuwa yana shimfiɗa maka duka.

Wanda na fi daɗewa a kansa shi ne Valérian, na Pierre Christin da Jean-Claude Mézières, wanda ya fara fitowa a mujallar Pilote ta Faransa a 1967. Jarumin, Valérian, ma'aikaci ne mai ratsa zamani daga ƙarni na 28, abokiyar aikinsa Laureline kuwa 'yar ƙauye ce daga ƙarni na 11, kuma sau da yawa ta fi shi hankali. A 1968 suka zana birnin Niyok ruwa ya cinye shi, suka ce a 1986 abin ya faru. A lokacin shekara 18 ta yi nisa. Sai labarin ya karɓu, ya ƙi ƙarewa, 1986 ta taho da gaske. Ba su yi kamar sun manta ba: a littafin 1985 aka hana bala'in aukuwa, wanda hakan ya shafe duniyar da jarumin ya fito daga cikinta, ya zama mutum marar gida. A ganina wannan ya fi duk wata dabarar gyara, amma ni dai tun daga nan ba na rubuta shekarar da zan iya riska da raina.

A wani littafin nasu na 1977, akwatin ƙarshe ya zaunar da Valérian da Laureline a cikin sanannen zanen Renoir, mai zanen Faransa, na masu kwale-kwale suna cin abincin rana, wanda aka gama a 1881. Bafaranshe na gani ya san zamanin da aka kai shi, domin ta idon masu zane irin su Renoir yake tuna wancan lokaci.

Nan ne aikin ya yi min nauyi. Idan zan kai jarumar labarin da nake zanawa Kano ta 1851, hoton wa zan jingina da shi? Wanda ya fi yawo shi ne na birnin daga kan Dala, a littafin Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo a wannan shekara da sunan Abdulkarim, kuma a Turai wani mai zane ya ƙawata shi daga zayyanar Barth. Yana da amfani, sai dai idon baƙo ne daga nesa, ba ya shiga tsakar gida. Don haka nake haɗawa da abin da hannun mutanen suka bari: zanen dagi a bango, aikin aska takwas a wuyan riga, kayan da ke Gidan Makama, da tsofaffin da za su gaya maka a wane gefen ɗaki ake jera tasoshi. Shafin farko na labarin yanzu daga bakin rijiya yake farawa, Dala na can baya, ƙarama.