Waɗanda Suka Tono Nok da Abin da Kowannensu Ya Je Nema

Da an ce Nok, wato tsohuwar al'ummar nan da ta rayu a yankin kudancin Kaduna, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne kawunan yumɓun nan masu ido mai kusurwa uku da huji a tsakiya. Ni kuwa waɗanda suka jagoranci haƙar ne suka fi ɗaukar hankalina, don na lura kowa abin da ya iya nema shi ƙasa ke ba shi.

Farfesa Peter Breunig na Jami'ar Goethe a Jamus ba da Nok ya fara ba. Ya yi aiki kan zanen duwatsu a Namibiya, ya kuma shafe shekaru a yankin Tafkin Chadi tare da Jami'ar Maiduguri. Yana cikin waɗanda suka tono kwalekwalen Dufuna na Yobe, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka auna aka ga ya kai kimanin shekara 8,000. A 2005 ya juyo kudancin Kaduna don binciken Nok tare da abokiyar aikinsa Nicole Rupp, daga baya suka kafa sansani a ƙauyen Janjala.

Amma aikin Katharina Neumann ne ya fi shiga raina. Ita fanninta tsirrai. Ana ɗebo ƙasar rami a zuba cikin ruwa, ƙonannun ƙwayoyi su taso sama, a tace, a shanya, a duba ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne mai cin rai, ba ya kuma yin kyau a hoto. To da shi aka san gero ne cimar mutanen Nok, suna kuma cin atili, wannan dai da ake tallarsa har gobe. Irin waɗannan ƙwayoyin, tare da tsingaron tukwanen da Gabriele Franke ta yi nazari, su suka nuna farkon Nok ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2021 har alamar kakin zuma aka samu a jikin tsingaron.

Mu nan Zariya ba baƙin wannan aiki ba ne. John Sutton, lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya tono wuraren narka tama a Samaru. Ga Kufena a gefenmu, ga Turunku, duk mun haddace sunayensu a tarihin Zazzau. Abin da nake ƙishirwar sani shi ne me mutanensu suka shuka, yaushe dawa ta shiga tukunyarsu. Shi ya sa nake roƙon ɗaliban sashen binciken kayan tarihi na jami'ar nan, ko mutum biyu ne cikinku, su ɗauki fannin tsirrai, su fara da ƙasar Kufena.