Kilo goma na sitaci da takardar da ke cikin durowa

Jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji bayan shekara biyu ina dama sitacin masara a nan Kumasi. Ƙannena da ke shirin shigowa wannan layi sun matsa in rubuta musu wani abu.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Aboabo ya san yadda koko yake idan ya kwana: ya daskare, ruwa ya kwanta a kai. Mma ta san haka tun ba a haife ni ba. Ni sai a aji na ji dalili: amilos, wata doguwar sarƙa da ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sitacin masara, shi ke komawa ya haɗe idan ya huce, ya matso ruwan waje. Aikinmu hana shi ne. A dama sitaci da ruwan sanyi, a riƙa ɗiga sinadarin asetik anhaidiraid, ɓangarensa da ake kira asetil ya maƙale a jikin sarƙar ya hana ta haɗewa. Na abinci ba ya wuce kashi 2.5 cikin ɗari, shi ne E1420 da kuke gani a bayan kwalba. Sirrin duka yana ga pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 8 da 8.5, kana riƙe shi da ruwan soda irin ta sabulu ɗigo-ɗigo.

A nan na faɗi. Wani mai yogot ya nemi kilo goma na gwaji. Bafarmu ta 10, wato ruwan saita na'urar auna pH, ta ƙare tun wata biyu, da ta 4 da ta 7 kawai muke saita na'urar, ga bakinta ya tsufa. Ta nuna mini 8.3, na yarda. Na lura sodar da nake ƙararwa ta fi ta kullum, na ce ai yawan kayan ne. Takardar auna pH tana cikin durowa, taku biyu daga inda nake tsaye, ban ɗauko ba. Ashe ruwan ya haura 10, asetil yana kamawa soda tana ɓalle shi. Kwana uku a firji, kwalbar gwajin ta tara ruwa kamar kokon jiya. Da muka auna, kusan babu abin da ya kama.

Laifin rashin ɗauko takardar nawa ne, kuma na ɗauka. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne Dokta, shugabanmu, ya kira ni gaban baƙo ya ce ba ni da natsuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, sau uku na rubuta maka a sayo bafa." Ya ce ba a nan ake wannan magana ba. Bai sake tayar da ita ba, bafar kuma ta iso a satin. Don haka duk abin da kuka roƙa a rubuce, ku ajiye kwafi, ku sa kwanan wata. Ba don faɗa ba, don ranar da za a manta.

Sauran gajeru ne. Asetil daga sanyi yake kare sitaci. In kana son sitaci ya jure zafi da tsami, sai ka ɗaure sarƙoƙinsa da fosfet. Kada ka zuba soda mai ƙarfi wuri ɗaya, nan take zai dahu ba wuta. Ka wanke sau uku. Ka busar a hankali, masara tana fara dahuwa tun wajen digiri 62. In an ɗauke wuta tsakiyar aiki, rubuta lokacin.

Na sake kilo goman ni kaɗai, Asabar da Lahadi. Sau biyar aka daskarar aka narkar, bai saki ruwa ba. Rahoton ya fita da sunan Dokta. Na kai wa Mma kwalba ɗaya, ta karkata ta, ta jira, ta sake karkatawa, sannan ta tambaye ni kwanansa nawa. Na ce bakwai.