Faɗar bishara a gidan da aka haife ka

Wa'azi a kasuwar wani gari ya fi sauƙi a kan furta wa baba kalma uku a zaure. Duk mai bin Almasihu da ya tashi a ƙauyukan Sumaila, Tudun Wada ko Rogo ya san haka. Baƙo in ya ƙi maganarka sai ya kama gabansa. Na gida kuwa shi ke riƙe da gandu, shi ke buɗe rumbu, shi zai je nema maka aure, a gabansa za a raba gado. Wanda gabansa ke faɗuwa yana da dalili, kada wani ya zarge shi da raunin bangaskiya. Ubangiji Yesu ma danginsa sun taɓa fitowa su kama shi, suna cewa ya zautu (Markus 3:21), 'yan'uwansa kuma ba su gaskata da shi ba (Yahaya 7:5). Sai a Ayyukan Manzanni 1:14 muka same su zaune cikin masu addu'a.

Kafin baki ya buɗe, fartanya ce ke fara magana. In Lahadi tana cikin ranakun aikin gandu a gidanku, kada ka jira ruwan shuka ya sauka sannan a neme ka a ji kana majami'a. Tun da bazara ka sami maigida ku yi magana: safiyar Lahadi za ka je sujada, za ka kuma rama aikin da yammacin ranar ko a ranar da ya kamata ka shiga gayaunarka. Ka cika alkawarin nan ko da taka gonar za ta yi ciyawa. A gidaje da yawa ba koyarwa ce ke tada rigimar farko ba, kunyoyin da aka bari ba a nome ba ne, har a fara cewa addinin nan lalaci yake koyarwa. Haka gudummawar biki, dubiya da ta'aziyya: mai bi ya riga kowa isa. 1 Timoti 5:8 ta yi kakkausar magana a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa.

Wa za a fara da shi? Ba maigida ba, kuma ba taron gida ba. Dattijo ba zai karɓi sabuwar magana daga ɗan cikinsa a gaban mata da yara ba, ko da ta shiga ransa, domin girmansa ne a kan faifai. In kai ɗan fari ne abin ya ƙara nauyi, tunda akwai kunya tsakaninka da iyaye, inna ko sunanka ba ta kamawa. Amma al'adarmu ta bar ƙofofi a buɗe. Kaka abokiyar wasan jika ce, ana gaya mata abin da ba a gaya wa uwa. Akwai taubashi, akwai kawu, akwai yayar da ke gidan miji wadda baba ke jin maganarta. Zaɓi mutum ɗaya, ka yi wata guda kana ambaton sunansa a addu'a kafin ka ce masa komai. Andarawas ma ɗan'uwansa guda ya nema, Saminu, ya kai shi wurin Yesu.

Lokaci yana da nasa hukunci. Tsakiyar damina kowa a gajiye yake, rumbu ya yi ƙasa, rai a kusa. Bayan an kai amfani gida, hira takan yi tsawo a bakin wuta, ko a hanyar dawowa daga kasuwa ku biyu kaɗai. Kada a tada maganar a gidan makoki, kada a tada ta ana cikin faɗa, kada kuma a yi ta da wanda ya sha burkutu, domin gobe zai tuna an yi gardama, ya manta abin da aka ce.

Maganar kanta kada ta wuce minti biyar a karon farko. Nemi izini tukuna: "Kawu, akwai abin da ke raina, in ka yarda in gaya maka." Sai ka faɗi yadda kake a da, abin da ka ji game da Almasihu har ka ba da gaskiya, da abin da ya sauya wanda shi ma shaida ne, ko tsoron sammu da ya bar ka, ko fushin da ya kwanta. Daga nan ka yi shiru ka saurara. In ya yi tambayar da ta fi ƙarfinka, ce masa za ka tambayo, ka kuwa tambayo ka dawo. A zama na gaba ka ba da labari guda, na Yusufu da 'yan'uwansa ko na ɗan da ya ɓatar da gadonsa a Luka 15. Manomin da ke da 'ya'ya ba ya bukatar a fassara masa su. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu kuma akwai na saurare da ake sawa a waya, wanda ya fi dacewa da tsohuwar da ba ta yi boko ba. Amma ka tambaye ta kafin ka kunna.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne raina abin da mutum ke girmamawa. Sabon tuba da zafin jini ya je ya farfasa kayan tsafin gida ko ya tsinke layar ƙaninsa, ya rufe ƙofar da za a yi shekaru ba a buɗe ba. Naka ka rabu da shi, na wani ba hurumin hannunka ba ne. In an yi yanka don kan gida ko don uwar gona aka miƙo maka, ka ƙi cikin ladabi, ba tare da wa'azi a kan akushi ba, washegari kuma ka zauna ka ci tuwo da su don a san ba su kake ƙyama ba. In kuwa danginka Musulmi ne, kada kalmar ɓatanci ga Annabinsu ko Alƙur'ani ta fita daga bakinka, da wasa ko da zafi, a zaure ko a Facebook. 1 Bitrus 3:15 ta ce a ba da amsa da tawali'u da ladabi, kuma magana zarar bunu ce, irin wannan takan jawo asarar rai har ga waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kalmar "Ɗan Allah" ma a bi ta a hankali, domin mai sauraro yakan ɗauka ana nufin Allah ya yi aure ya haihu, abin da babu Kiristan da ya yarda da shi. Fayyace wannan tun kafin a tambaya. Yaran wasu kuma, ko na yayanka ne, ba a kai su majami'a a ɓoye.

Matar da mijinta bai ba da gaskiya ba, 1 Bitrus 3:1-2 ta nuna mata hali ya fi yawan magana ƙarfi. Ta riƙe zumuntar mata ta ikilisiya sosai, don kada ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Sashe na 38 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin sauya addini da yaɗa shi, amma takarda ba ta kwana da kai a ƙauye. Kafin ka yi magana, fasto da dattijon ikilisiya guda su sani. Ka san gidan da za ka kwana in an ce ka fita, takardun makarantarka da katin shaidarka su kasance inda hannunka zai kai, ka tanadi hatsin wata biyu ko uku daga gayaunarka. In barazana ta kai ga duka ko makami, ka bar wurin a daren, ba a tsayawa gardama.

In an kore ka, kada ka mayar da baƙar magana, kada kuma ka yanke zumunci daga naka ɓangaren. Aika gaisuwa ta bakin kawu. Da kaka ka auna tiya biyar ta gero a kai wa inna, ko an dawo da ita ka sake aikawa baɗi. In an yi rasuwa kuma babu haɗari a zuwanka, ka je ka zauna a gefen tabarma har a yi sadakar uku.