Tarar da ba ta duba aljihun mai laifi

A daren wata Alhamis cikin watan jiya, mota ta banke wani yaro ɗan unguwarmu ta Zango a nan Damagaram da ke kabu-kabu, kusa da kasuwar Dole. Waɗanda suka ruga wurin sun ce da aka buɗe ƙofar motar, warin giya ne ya riga direban fitowa. Washegari na je asibiti na tarar da ƙafar yaron a ɗaure, mahaifiyarsa kuma tana zaune a kan tabarma tana jujjuya takardar magani. Ta ce mini: "Malam, babur ɗin ma ba namu ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi jaka biyu." Direban kuwa ya biya abin da aka yanka masa, kuma tun yaron bai fara dogara sanda ba ya koma kan sitiyari.

Ba na cikin masu cewa a sassauta wa mai tuƙi cikin maye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma duk wanda ya saba bin hanyar Tanut ko ta Maraɗi ya ga gawar motoci a gefen kwalta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tara mai adadi ɗaya ga kowa, domin kuɗin da attajiri zai zaro daga aljihun gaba ba tare da ya ƙirga ba, shi ne zai sa ɗan kabu-kabu ya sayar da tunkiyar uwarsa, ko ya kwana a tsare saboda rashinsa. A takarda hukuncin ɗaya ne, amma zafinsa ya bambanta. Ƙasar Finlan ta gano wannan tun 1921, inda take auna tara da abin da mutum yake samu a yini; shi ya sa a 2002 aka yanka wa wani babban jami'in kamfanin Nokia Yuro 116,000 saboda gudun wuce kima a kan babur. Na san a nan Damagaram, inda akasarin mutane ba su da takardar albashi, auna samun mutum ba ƙaramin aiki ba ne, amma karɓe lasisin tuƙi na wasu watanni ba ya buƙatar wannan lissafi, kuma yana taɓa mai hali kamar yadda yake taɓa talaka.

Sai kuma batun hujja. Faransa ta tsayar da giram 0.5 na barasa a kowace lita ta jini, Ingila 0.8, Suwidin 0.2, kuma na'ura ce ke faɗin wanda ya ƙetare iyaka. Idan babu awo, hancin jami'i ne alƙali, hanci kuwa yana jin kunyar babbar riga. Na'urar busawar ma barasa kaɗai take ganewa. Matashin da ya haɗiyi tiramol da shayin safe zai busa ya wuce lafiya lau, sai dai a gwada jini ko fitsari.

Jiya na sake leƙa yaron a gida. Mai babur ya riga ya ba wani.